Shaidar Da Ke Cikin Yashi

A unguwarmu ta Sabo, Mokola, dattawa ba su manta da fargabar 1960 ba, sa'ad da Faransa ta gwada bam na nukiliya a Sahara, aka ce iskar hunturu za ta kwaso mana guba. A 1964 aka kafa sashen auna tururin nukiliya a Jami'ar Ibadan.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne farin dutsen ƙanƙara da ke cikin yashi. Yana adana lissafin tururin da ya buge shi. In aka gasa shi sai ya yi haske, gwargwadon tururin, gwargwadon hasken. Da shi aka auna tubalan rufin Hiroshima. Amma fa jama'a, in tururin ya yi yawa ainun sai dutsen ya ƙoshi, hasken ya daina ƙaruwa, alhali a nan ne haɗarin ya fi tsanani.