Takardun Baba Da Suka Tafi Da Waya



Bara da kaka mu uku muka je Rogo Sabon Gari neman tarihin da za mu gina littafi a kansa. Wani dattijo ya buɗe mana gafaka, ya fito da takardun ajami na mahaifinsa, ya ce, "Ku ɗauka, 'ya'yana." Muka ce, "Mun gode, Baba." Shafi fiye da arba'in muka ɗauka, duk a waya ɗaya, don babu mai kwamfuta a cikinmu. A hanyar dawowa, dab da Ƙaraye, wayar ta zame daga aljihu a kan babur. Kafin mu koma, Allah Ya yi wa Baba rasuwa, magada kuma sun raba takardun.

Tun ranar muka kafa wa kanmu doka: in muna tafiya, ba ma kwanciya sai hotunan yinin sun kwana a wuri uku. Na farko, memori ko filas mai shiga bakin caji. Na biyu, wayar abokin tafiya ta Xender, wanda ba ya cin data. Na uku, Google Photos da zarar sabis ya samu. Kowane asusun Google yana da 15GB kyauta. In ta WhatsApp za ku tura, ku tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton har wasullan ajami su dushe.

Mu dai har yau babi na huɗu na littafin nan bai rubutu ba. Allah Ya jiƙan Baba.