Gida ɗaya, buhu goma

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Yau dillali ya zaga da mu gidan da za mu saya, a cikin garin Sabon Birni. Ɗaki biyu ne na laka da rufin kwano, sai zaure da makewayi. Tun muna tsakar gida na zaɓi inda zan kafa murhu. Rabonmu da kwana a ɗakin kanmu tun Satumbar 2021, lokacin da muka baro Burkusuma bayan an afka wa sansanin sojoji. Shekara uku ke nan muna raɓe a gidan kawun maigida. Kuɗin nawa ne: kwasar adashi uku, ribar ƙuli-ƙuli, da raguna biyu da na sayar gabanin layya.

Talata, 5

Maigida bai taɓa tuwon dare ba. Da yara suka yi barci ya ce, "Uwar yara, Alhaji ya ji labarin gidan."

Na san da bashin, amma ban san girmansa ba sai daren nan. Buhu goma na gero ya ranta a wajen Alhaji a shekarar da muka gudo, ya sayar, aka cika kuɗin fansar ƙanensa. Ko tiya ɗaya bai mayar ba, don gonarmu tana can inda ba ya iya zuwa. Ban yi masa faɗa ba. Da ƙanena aka ɗauka, da ni ma na ranta.

Alhamis, 7

Mun je wajen malamin unguwa, ni ina daga bayan labule. Ya ce dukiyar mace tata ce, bashin miji ba ya hawa kanta. Amma idan an rubuta gidan da sunan maigida, mai bin bashi yana da damar kai ƙara gaban alƙali a kansa, kuma in ta Allah ta kasance, sai an biya bashi kafin a raba gado.

Sai maigida ya tambaya ko zai iya biya da kuɗin da ya sayar da geron a wancan lokaci. Malam ya ce a'a, gero aka ranta, gero za a mayar, mudu da mudu. Nan jikina ya yi sanyi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 hatsi ya yi tashin gwauron zabo, abin da ya karɓa a buhu goma ba zai sayo su ba yanzu.

Juma'a, 8

Ƙanwar surukata ta ce abin kunya ne a ji gida da sunan mace alhali mijinta na da rai. Na yi shiru, na ci gaba da tsince wake.

Lahadi, 10

Na kwana ina tunanin Alhaji. Shi ma gudun hijira yake yi, rumbunansa an ƙone su, iyalinsa rabi suna nan, rabi suna wajen dangi a ƙasar Maraɗi. Ya buɗe mana rumbu ranar da kowa ke ɓoye nasa, bai nemi takarda ko jingina ba. Ba zan iya shiga sabon ɗaki in rufe ƙofa, in fake da cewa shari'a ta wanke ni ba. Na ce wa maigida gida da sunana za a rubuta, amma kuɗin da na ware don siminti da ƙyaure a kai kasuwa a auno gero.

Laraba, 13

An yi ciniki a gaban mai unguwa da shaidu biyu, na dangwala yatsa, dillali ya karɓi la'adarsa. Da la'asar maigida ya ɗora buhu biyu a amalanke ya kai wa Alhaji, suka yi alkawarin biyu-biyu kowace kaka. Ya dawo ya ce Alhaji ya sa albarka, har ya tambaya yaushe ne tarewa.

Saura takwas. Gobe zan sharo ɗakunan, in rataya asabari a ƙofa kafin mu samu na ƙyaure.