Firam ɗin da na hana ɗana saye

Idan kuna da yaro a ƙasar nan, kun san akwai ranar da zai zo muku da maganar da ba ku san inda ya samo ta ba. Nawa, ɗan farina (ba zan kama sunansa ba, ko a Manchester kunya tana nan), keke ne ya shiga ransa. Ba ma keken gaba ɗaya ba fa. Firam kawai, ba taya, ba sarƙa.

Lotus 110 ake ce masa. Sai da ya zaunar da ni ya yi mini karatu: a 1992, a wasannin Olamfik na Basalona, Chris Boardman ya ci zinare a kan Lotus 108, wanda Mike Burrows ya tsara. Ba bututun ƙarfe aka harhaɗa ba irin na kekunanmu, zubi ɗaya ne na zaren kabon, mai faɗi ta gefe, siriri ta gaba kamar wuƙa, don ya riƙa yanka iska. Shi 110 ƙanensa ne na hawa titi. Daga baya hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta wannan siffar a gasa, shi ya sa yanzu samunsa sai an tona.

Shekara biyu yana tara kuɗin aikin shago. Ranar da ya gano wani dattijo zai sayar, daga aikin dare na fito, ban runtsa ba muka kama hanya.

Gaskiya abin yana da kyau. Amma ni nas ce, kuma a aikinmu akan ƙwanƙwasa ƙirjin majinyaci a saurari amon da zai bayar. Kabon ma haka ake yi masa. Na ciro kwabo na bi jikinsa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Da na iso kusa da inda feda ke shiga sai na ji dum. Na maimaita, dum. Fenti lafiya lau, amma ciki ya rabu. Ƙarfe yakan lanƙwashe ya yi maka kashedi, kabon kuwa karyewa yake yi farat ɗaya. Na sha karɓar masu keke a asibiti, na san yadda ƙashin wuya da haƙarƙari ke komawa.

"Umma, ana gyarawa fa," ya ce, murya na rawa.

"Ana gyarawa. Amma ba da kai a kansa za a gwada gyaran ba."

Har muka dawo gida bai ce uffan ba. Kwana tara sai gaisuwa kawai.

Jiya ya same ni a kicin da sabon labari: wai Graeme Obree, ɗan Sikotilan, da hannunsa ya ƙera kekensa, har da boris ɗin injin wanki, ya kafa tarihin tseren awa ɗaya a 1993. Yana magana yana satar kallon injin wankina. Ban gama biyan kuɗinsa ba.