Abin da Tsohuwar Peugeot Ke Ci

Da Peugeot 504 mai dogon baya, mai shan gazuwal, nake ciyar da iyalina. Ta hannu na saye ta, ina jigilar fasinja da buhunan masara tsakanin Tinyere da Ngaundere.

Cututtukanta uku ne. Da sanyin hunturu, in fulogin ɗumama inji suka mutu, sai an tura ta. Wannan gyaran kuɗin ɗan akuya ne. Na biyu, ƙurar hanya tana toshe lagireto. In inji ya yi zafi, kansa na iya tsagewa, an kai kuɗin rago ko fiye. Na uku shi ne babba: gazuwal mai ruwa ko datti yana cinye famfon mai. A nan sai maraƙi ya tafi, kuma dole a kai famfon Ngaundere ko Garwa, mota na zaune, gida na jira.

Shi ya sa nake canza matatar mai kafin lokacinta, ina duba ruwa kowace asuba. Mai shirin saya, ka je da bakanike, ku tayar da ita tun inji na sanyi.