Indararo Mara Gaɓa a Gidanmu na Gado

Masu karatu da suka san Aboabo, nan Kumasi, sun san irin gidanmu: ɗakuna jere kewaye da tsakar gida, rufin kwano, ga lungu tsakaninmu da maƙwabci wanda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Rufinmu na gabas cikin lungun nan yake zubar da ruwa. Tun zamanin marigayi mahaifinmu akwai indararo a bakinsa, irin wanda maƙerin kwano ke lanƙwasawa guntu-guntu, ya haɗa da ƙusa, ya liƙe da kwalta. Namu gaɓa 6 gare shi, kowace da nata yoyon.

Mu kam mun saba, muna ta liƙi. Amma a daminar 2022 Alhaji maƙwabcinmu ya tare mu bayan sallar asuba, ya ja mu lungun, ya sa sandarsa ya taɓa gindin katangarsa. Siminti ya ɓanɓare, ƙasar da ke ciki ta jiƙe sharkaf. Ya ce, "Malam, ni da babanku shekara 40 ba wanda ya ji kanmu. Kada a ce sai da ya rasu muka je gaban sarki saboda ruwan sama." Muka ce, "Baba Alhaji, a yi mana afuwa, za mu gyara." Bayan katangar nan kuwa ɗakin da jikokinsa ke kwana ne.

Da muka yi taron gida, ɗan yayarmu da ke zaune a Bronx, can Amurka, ya ce ta waya a daina faci, a sa irin indararon da ake yi a wajensu, wanda ba shi da gaɓa, zai ba da rabin kuɗin. Muka nemi wani kamfanin rufi da ke da injin. Abin sha'awa ne a ga aikinsa. Ana zura masa naɗin alminiyam kamar naɗin tabarma ta wannan gefe, indararo na fitowa ta wancan, dogo sambal, har ya kai tsawon da aka auna, sannan a datse. Namu mita 14. Kuɗinsa ya kusa ninka abin da maƙerinmu ya nema sau biyu.

Sai dai wanda ya ƙirƙiro injin nan bai san lungun zango ba. Mota ba ta shiga unguwarmu, a bakin titi aka murza shi, samari 5 suka ɗauko a ka. A kwanar masallaci ya ƙi juyawa, dole aka bi da shi ta saman katangar wani gida, mai gidan na tsaye yana ta faɗa.

Maganar gaskiya, yoyo ya tsaya cak. Inda babu gaɓa babu inda ruwa zai samu kafa, ganye ba shi da inda zai maƙale, alminiyam kuma ba ya cin tsatsa irin na kwano. Katangar Alhaji ta bushe kafin hunturu. Muka kuma kai bututun cikin tanki maimakon kwata. A nan halin malanta ya motsa, muka kai lissafin aji. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ke nan. Kumasi na samun kimanin milimita 1,400 a shekara, rufin namu murabba'in mita 60 ne. Wato lita 84,000, fiye da galan 3,000 irin rawayen nan da muke kira galan ɗin Kufuor. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "To Malam, me ya sa muke bin layin famfo?" Tankin dai bai isa ya riƙe ko kashi ɗaya cikin goma ba, kuma ruwan farko bayan hunturu zubar da shi muke yi, don ƙura ce da kashin tsuntsaye.

Abin da ba a gaya mana ba shi ne, rashin gaɓa bai hana shara ba. Mangwaron tsakar gidanmu bai san an yi sabon indararo ba. Wata biyu muka yi sake, ganye ya toshe bakin bututu, ruwa ya kwanta, sai ga ƙwayoyin sauro suna wutsil-wutsil a saman ɗakunan da muke kwana. Ga kuma zafin rana. Alminiyam mai tsawon mita 10 yana ƙaruwa da kusan milimita 7 in zafinsa ya hau da digiri 30, da dare ya koma. Guntaye sukan sha wannan motsi a gaɓoɓinsu, shi kuwa dogon sai ya riƙa jan maƙalansa, har biyu suka yi sako-sako.

Babbar matsalar ta zo a watan Afrilu na 2024, da iska ta karyo reshen mangwaro ya lotsa indararon a tsakiya. Da tsohon ne, da kafin azahar maƙerinmu ya cire guntun ya sa wani. Muka kira kamfanin, suka ce a ƙa'ida sai a canja mita 14 ɗin gaba ɗaya, kuma ba za su tayar da mota don gida ɗaya ba sai sun haɗa aiki a yankinmu. Sati uku muna jira, ruwa na kwarara daidai katangar Alhaji. Shi bai ce komai ba, amma kullum da safe muna hango shi a lungun da sandarsa.

Ƙarshe muka sauke girman kai muka koma wurin maƙerin da muka tsallake. Ya hau tsani, ya duba, ya yi 'yar dariya, ya ce, "Malam, ai na ji an ce wannan ba ya son gaɓa." Ya yanke wurin da ya lotsa, ya sa guntu, ya liƙe. Yanzu indararonmu mara gaɓa yana da gaɓa biyu, ɗaya ta fara ɗiga kaɗan-kaɗan. Ɗan yayarmu har yau ba mu gaya masa ba.