Kafin a ce kwamfureso ya mutu

A watan Afrilu, idan zafin Kano ya kai maki 40, mai mota ya kan sauke gilashi ya sha iska in esi ta ƙi aiki. A Challawa wannan dabarar ba ta da daɗi. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Panshekara ya ratsa ta gefen masana'antun jima ya san warin da ke tarbar mutum, ga kuma ƙurar manyan motoci. A nan esi kayan aiki ce, musamman ga direban da zai wuni yana zirga-zirga tsakanin Challawa da Sharaɗa da Bompai.

Mu ɗaliban injiniya huɗu ne aka tura wata masana'anta a yankin domin horon sanin makamar aiki, wato SIWES, shirin da hukumar ITF ta fara a 1973. Aka ajiye mu a garejin motocin kamfani, ƙarƙashin wani dattijo mai wayarin da kowa ke kira Baba. A makonmu na uku wani direban Hilux ya shigo ransa a ɓace. Esi na yi da safe, da rana ta take sai ta ɗauke. Wani bakanike a bakin titi ya gaya masa kwamfureso ya mutu, sai an je Ƙofar Ruwa an sayo wani. Kuɗin ya fi albashinsa na wata, kuma yana tsoron a ce sakacinsa ne a yanke masa.

Baba ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Ba mu yi wa mara lafiya tambaya ba tukuna, ina zancen likkafani?"

Ƙannenmu, ga yadda abin yake. Kwamfureso famfo ne da ke matsa iskar gas tana zagaya bututai, tana kwaso zafin cikin mota tana zubarwa a waje. Inji ne ke juya shi da bel. Fulin da bel ɗin ke hawa yana juyawa muddin mota na kunne, amma cikin kwamfureso ba ya motsi sai an danna maɓalli. A lokacin ne wuta ke shiga wani naɗin wayar tagulla da ke bayan fulin, ya zama maganaɗisu, ya fizgo farantin ƙarfe da ke gaba ya manne. Wannan shi ne kulocin esi, kuma idan ya kama za a ji ƙara, ƙas! Maganaɗisun lantarkin da malamin fiziks ke nuna muku da ƙusa da batir ne, ba wani abu ba.

Muka kunna mota, muka danna maɓalli. Shiru. Fuli na gudu, faranti a tsaye.

Baba ya sa muka fara da mafi araha. Fiyus lafiya. Rile ɗin esi muka musanya da na hon, tunda iri ɗaya ne, hon ya yi ƙara, esi ba ta kama ba. Sai ya ɗaura ma'aunin gas, kuma a nan ya ɗan tsaya, domin a nan ne ake yawan cutar masu mota. Akwai wani makunni da ke lura da ƙarfin gas a cikin bututu. Idan gas ya yi ƙasa sosai, shi ne ke hana wuta isa kuloci, da gangan. Man da ke shafe cikin kwamfureso tare da gas yake zagayawa, in babu gas sai ƙarfe ya ci ƙarfe. Wasu masu gyara su kan haɗa bakin makunnin da guntun waya, kuloci ya kama, mai mota ya biya yana murna, bayan 'yan kwanaki kwamfureson da ke da rai ya ƙone da gaske. A ganinmu wannan ta'adi ne. Kuma gas ɗin esi ba fetur ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. In ya ragu, wani wuri na yoyo, a nemo shi kafin a sake ɗurawa. Yawancin motocin da ke titunanmu R-134a suke sha, wanda ya maye gurbin R-12 bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illar da tsohon ke yi wa rufin ozon. Ko ba don aljihu ba, bai kamata a riƙa sakin sa a iska ba.

Gas ɗin Hilux dai ya isa. Muka sa mita a bakin wayar kuloci, wuta na zuwa, volt 12 da ɗoriya. Muka kashe mota muka auna naɗin wayar, ya ba mu kusan om 4. Ɗaya daga cikinmu ya raba 12 da 4 a tafin hannunsa ya ce amfiya 3, dokar Ohm ke nan, naɗin bai ƙone ba.

To me ya rage? Baba ya zaro siraran ƙarafan auna rata ya zura tsakanin faranti da fuli. Ya kamata ratar ta zauna wajen rabin milimita, wannan kuwa ta haura milimita ɗaya, saboda shekarun kamawa da saki sun cinye fuskar ƙarfen. Ƙarfin maganaɗisu yana raguwa sosai da ɗan ƙarin nisa. Ita kuma tagulla idan ta ɗau zafi ta kan ƙara tauye wuta. Da safe naɗin na da sanyi, yana iya jawo farantin da ƙyar. Da rana ya gaza. Abin da direban ya faɗa tun shigowarsa shi ne amsar.

Bayan farantin akwai 'yan siraran washa da ke daidaita ratar. Baba ya kwance ƙusa ɗaya, ya cire faranti, ya zare washa guda, ya mayar, ya sake aunawa. Aikin bai kai minti 30 ba. Aka bar injin ya yi zafi sosai kafin a danna maɓalli. Ƙas!

Direban ya sa hannu a bakin iska ya ce, "Baba, nawa zan kawo?"

"Kai wa yaran nan ruwan sanyi. Amma farantin ya tsufa, in ya sake yi maka haka kuloci kaɗai za a canza, kada ka bari a taɓa kwamfureson."