Fom ɗaya, gida guda

Litinin

Shugaban Islamiyyar unguwarmu ya damƙa mini aikin fom ɗin rajistar ɗalibai. Buƙatarsa a fili take: waliyyi ya zo da yaransa, a rubuta sunansa da lambar wayarsa sau ɗaya, a jero yaran a ƙarƙashinsa, a danna maɓalli ɗaya. A rumbun bayanai kuwa tebur biyu ne, na waliyyai da na ɗalibai, kuma kowane ɗalibi yana ɗauke da lambar shaidar waliyyinsa. A nan gizo ke saƙar, domin lambar ba ta samuwa sai an adana waliyyin, ga shi fom ɗin yana tahowa da kowa a tare. Da Ruby on Rails nake aiki, wanda David Heinemeier Hansson ya fitar a 2004. Tun siga ta 2.3, a 2009, aka tanadi maganin wannan a cikinsa: a rubuta accepts_nested_attributes_for a ɓangaren waliyyi, shi ke nan ya karɓi ragamar adana yaransa.

Talata

Yau shafin da malamai za su gani na gina. Da fields_for ake saƙa layin kowane yaro a cikin fom ɗin uba. Na leƙa abin da burauza ke aikawa, na ga sunan akwatin farko: waliyyi[dalibai_attributes][0][suna], na biyu kuma da 1 a madadin 0. Wannan jerin lambobi shi ke hana sunan wani yaro haɗuwa da ajin ɗan'uwansa. Na tanadi layuka huɗu babu komai a ciki, sannan na sa reject_if, don wanda ya zo da yara biyu kada a ƙirƙiro masa wasu biyun marasa suna.

Laraba

Tun siga ta 4, a 2013, Rails ba ya karɓar komai daga fom sai abin da aka lissafa masa da suna. Abin da ba ya cikin lissafi yakan zubar da shi ba tare da mai cika fom ya sani ba. Na yi gwaji da gangan: na cire id daga lissafin yara, na buɗe rajistar wani uba na gwaji mai yara uku, na canja lambar wayarsa kawai, na adana. Yara suka koma shida. Da yake lambar shaidarsu ba ta iso ba, manhajar ta ɗauke su sababbin zuwa. A makaranta wannan na nufin a nemi mutum kuɗin yara shida alhali uku gare shi. Na mayar da lambar shaidar cikin lissafin, na rubuta gwajin da zai yi ƙara duk ranar da wani ya taɓa ta.

Alhamis

Abin da ya fi damuna shi ne rabin aiki: uba ya shiga rumbu, yaro ɗaya ya maƙale a hanya. Na cika ajin yaro na uku, na bar sunansa fayau. Fom ya dawo da jan gargaɗi, sauran abin da na rubuta yana nan daram, rumbu kuwa ko layi ɗaya bai ƙaru ba. Ana tantance kowa kafin a fara rubutu, rubutun kuma a dunƙule ake yin sa, in ya katse a tsakiya a warware duka. Na kuma bayyana inverse_of, don yaro ya san ubansa tun kafin uban ya sami lamba, tunda daga siga ta 5, a 2016, ba a yarda a adana shi babu waliyyi ba.

Juma'a

Bayan masallaci na ƙara maɓallin ƙarin layi, saboda gidajen da suka wuce yara huɗu, da akwatin cire yaro, wanda ke aika _destroy.

Asabar

Na kai wa malamar da ke riƙe da rajista ta gwada. Ta shigar da gida biyu ba tangarɗa, sai ta tsaya a kan akwatin cirewa. "Malam, yaron da ya bar makaranta ba a goge shi. Gobe zai dawo neman shaidar inda ya tsaya a karatu." Gaskiya ta faɗa. Na taƙaita gogewa ga sunan da aka shigar bisa kuskure a ranar rajista, wanda ya tafi kuwa a yi masa alamar ya tafi, tarihinsa ya zauna. Sunayen nan amanar iyaye ne, kuma fom ɗin da ya sauƙaƙa shigar da su wajibi ne ya tsaurara wajen ɓatar da su. Mako mai zuwa zan ɗauki batun yaron da riƙonsa ya koma hannun kawunsa.